Mazhabobin Mutanen Yerwa a kan Mutuwar Babur

Kafin watan Yuli na shekarar 2011, lokacin da gwamnatin Jihar Barno ta hana hawan babur a cikin birnin Yerwa saboda fitinar rashin tsaro, babu wata hanya, tun daga Bulumkutu har Tashar Bama, ko daga Kasuwar Monday zuwa Gamboru, da mutum zai bi da hantsi bai tarar da wani bawan Allah a gefen titi ba, ya tsaya kan Jincheng ko roba-roba yana buga kiki, gumi na zuba, jama'a sun kewaye shi. Ma'abota sana'ar sun tabbatar da cewa sharuɗɗan tashin inji huɗu ne: mai ya iso, iska ta shiga, fistan ya matse su, wuta kuma ta kama a kan lokacinta, idan ɗaya ya ɓace sauran ukun ba su da amfani. To, amma da yake ɗan Adam ba ya ƙaunar mas'ala mai sauƙi, mutanen garin sun rarrabu a kan al'amarin mazhabobi-mazhabobi, kowace da jagoranta da hujjojinta, ba a kuwa taɓa jin ranar da suka yi ijma'i ba.

Mafi yawan mabiya ita ce mazhabar fulogi. Ma'abocinta ba ya fita gida sai da sifanar fulogi a aljihun gaba, tare da guntun tsumma da tsofaffin fulogai biyu ko uku waɗanda ya yi wa ritaya amma ya kasa rabuwa da su. Ko da sarƙa ce ta tsinke a gaban idonsa, sai ya fara kwance fulogi tukuna, ya hura shi, ya kankare bakinsa da reza, ya ɗora shi a jikin inji ya buga kiki yana leƙen tartsatsi, sa'an nan ya girgiza kai ya ce ai jabu aka sayar masa. Adalci ya wajabta a ce mazhabar tana da asali, domin babura masu ƙona baƙin mai tare da fetur suna saurin toshe fulogi da gawayi, kuma launin bakinsa shaida ne ga wanda ya iya karatu: baƙi ƙirin na nufin mai ya rinjayi iska, fari fat na nufin iska ta rinjayi mai, ruwan ƙasa kuwa lafiya ce. Illar mutumin ita ce yana goge shaidar kafin ya karanta ta.

Daga shi sai mai musun ƙarewar mai, wanda galibi mutum ne mai mutunci, da hula zanna da agogo, wanda albashi ya yi wa jinkiri. Shi ya san tun ranar Talata ya juya famfon tanki zuwa rizab, amma ba zai furta ba ko da za a kai shi gaban alƙali. Sai ya buɗe tanki ya kara kunne yana girgizawa, ya kwantar da babur a gefe ɗaya domin ɗan abin da ya maƙale a ɗaya ɓangaren tankin ya gangaro, ya sa baki ya hura, alhali yana shaida wa masu wucewa cewa matsalar wuta ce. Idan abin ya ci tura, ya tura babur ɗin ya wuce gidan mai bai ko waiwaya ba, sai ya sha kwana inda babu idon sani, ya sayi rabin kwalba a wurin ɗan bumburutu.

Maƙwabcinsa mai ɗora laifi ba ya buƙatar dogon sharhi. Ƙanin matarsa da ya ari babur ɗin ranar wani biki shekarun baya, da ɗansa, da mai faci, da gwamnati, duk suna da kaso, shi kaɗai ne ba shi da hannu. Wani lokaci yakan dace da gaskiya, domin man kwalba yakan zo da ruwa ko kalanzir, ruwan kuma ya kwanta a gindin kafireta ya riƙa shaƙe inji. Sai dai gobe ma a wurin wannan ɗan bumburutun za a same shi.

Wanda na fi jin tausayi shi ne mai zargin maƙiya, domin hujjarsa tana da ƙarfi ƙwarai a zahiri. Kullum ya fito daga Gwange babur lafiya lau, da ya iso wani wuri guda, a ce daf da gadar kogin Ngadda, sai inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Jiya a nan, shekaranjiya a nan, to, wane mai hankali ne zai ce wannan haɗuwa ce kawai? Sai ya tuna da abokin aikin da ya yaba babur ɗin bai ce tubarkalla ba, ya ɗaura laya a ƙarƙashin sitiyari, ya sauka yana addu'o'i yana tofawa, bayan ɗan lokaci ya buga kiki ɗaya inji ya tashi, yaƙininsa ya ƙaru. Alhali abin da ya faru shi ne, a murfin tanki akwai wata 'yar kafa wadda iska ke bi ta maye gurbin man da ya sauka, kuma ƙurar hunturun Yerwa, wadda ba ta barin ko hancin mutum, ta toshe ta. Bayan tafiya gwargwadon wani nisa sai tankin ya riƙe mai ya hana shi gangarawa, nisan kuwa daga ƙofar gidansa ba ya canzawa. Ko kuma kwayil ne ya tsufa, wanda yakan yanke wuta idan ya yi zafi, ya dawo da ita idan ya huce. Tsayawar da ya yi ita ce maganin, ko da labarin ƙwallo ya tsaya ji. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, Allah Ya karɓa mana. Amma tsinke ɗaya a kafar murfi da ya wanke abokin aikin nan daga zargi.

Akwai kuma mai ijtihadi ba da ilimi ba, wanda ya sayi sukundireba ya ɗauka ya sayi sana'ar. Da inji ya mutu a tsaye sai ya kama sukurorin kafireta yana murɗawa dama da hagu ba tare da ƙirga ba, har ya manta inda suke da farko. Daga nan ya kwance ta ɗungurungum a kan rairayi, ya tsokale ƙaramin jet da allurar ɗinki har kafar ta faɗaɗa, ya cire soson tace iska ya jefar wai domin inji ya numfasa, a garin da iskarsa rabinta yashi ne. Idan ya gama haɗawa, kullum sai an sami rarar wani ɗan sifirin da washa guda, waɗanda yake sawa a aljihu yana cewa Sinawa ne suka yi almubazzaranci.

Duk waɗannan ba sa aiki su kaɗai, domin a kan bencin mai shayi akwai muftin 'yan kallo, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba, amma daga inda yake zaune, kofi a hannu, yake yanke hukunci: "Malam, kada ka wahalar da kanka, ringi ne." Idan an ce masa jiya aka sa sabon ringi, ya ce to shi ya sa. Shi ne ke tara yara a tura, ya ba da umarni a sa giya ta biyu a saki kuloci, bai kuwa tashi daga bencin ba. Ɗan acaba kuma, wanda babur ya mutu masa da fasinja cikin ranar watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mazhabarsa kalma ɗaya ce: "Hajiya, ɗan sauka kaɗan, yanzu zai tashi." Hajiya ta tsaya da kwandon kifin da ta sayo a hanyar Baga har inuwa ta juya, in ta nemi tafiya ya nemi rabin kuɗi.

Daga ƙarshe dai a gareji ake haɗuwa, su ma kanikawa iri biyu ne. Na farko tun bai taɓa babur ba yake riƙe baki ya ce, "Alhaji, wa ya yi maka wannan aikin?" ko da kuwa shi ne ya yi shi watan jiya, sa'an nan ya hukunta a sauke inji, ya aiki yaro kasuwa da dogon lissafi. Na biyun dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda yake farawa da tambayoyi irin na likita: da sanyin safiya yake mutuwa ko sai ya yi zafi, a tsaye ko a guje, farat ɗaya ko sai ya yi ta shiɗewa? Domin mutuwar farat ɗaya ta fi karkata ga wuta, ta sannu-sannu ga mai, wadda ke zuwa in an saki totur kuwa ga silo, ko ƙaramin jet, ko bawul da ya matse. Sai ya zare tiyon mai ya ga ko yana zuba, ya duba tartsatsi, ya taɓa soso, a bisa tartibi, daga mai arha zuwa mai tsada, sau da yawa kuma ya miƙa yatsa ɗaya ya mayar da cok ɗin da mai babur ya bari a ja tun asuba, ya ce, "Je ka, ɗana, ba komai." Wannan dattijo ba shi da farin jini, gama mutumin da ya turo babur tun daga Kwastam cikin rana ba ya son a gaya masa cewa wahalarsa ba ta kai sisi ba, ya fi son a kira masa babbar cuta da zai ba da labarinta a majalisa.

Dokar 2011 ta kawar da baburan, keke Napep ya gaje titunan, mazhabobin kuwa suka yi ƙaura gaba ɗaya zuwa ƙafa uku ba su rasa ko mabiyi ɗaya ba, sai ma muftin benci da ya ƙaru da fasinjoji ukun baya, kowanne da fatawarsa. Mazhabar fulogi ce kawai ta shiga wani hali tun ƙarshen 2023, da gwamnatin jihar ta shigo da motocin haya masu aiki da lantarki, waɗanda babu fulogi a jikinsu ko na magani. Jagororinta sun kewaye motar sun leƙa ƙarƙashinta, sun yi shawara a tsakaninsu, kuma fatawar da suka fitar zuwa yanzu ita ce yana nan, ɓoye shi aka yi.