Mai Pampo, Gwamnatin Unguwa

A Dakoro, ranar da mutum ya ja pampo gidansa, ranar yake sanin yawan danginsa. Wadda rabonta da gidan tun sunan ɗan fari sai ga ta da bido biyu, wai ta zo gaida uwargida. A tsaye ake gaisuwar, baki na "ina kwana, ina gajiya, yaya yara", ido na kan bido kada ya zube. Yana cika, gaisuwa ta ƙare.

Ba duka laifinsu ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya a arewacin Dakoro, ya ga jaki ko raƙumi ya ja igiya har ya yi nisa kafin guga ya leƙo, ya san ruwa ba abin wasa ba ne a nan. Ga shi an rene mu a kan cewa hana ruwa abin kunya ne. Wa zai yarda a ce ko ruwa ba a sha a gidansa?

Hukuma kuma ta yi nata lissafin a Yamai. Shekara da shekaru, mita kub 10 na farko a wata ana sayar da kowanne sefa 127, rangwame ne domin talaka. In ka haura, kuɗin ya ninka fiye da biyu. Mita kub ɗaya bido 40 ne mai cin lita 25, wato bido 400 ke nan a wata. Mai lissafin, Allah ya saka masa, da alama matarsa ɗaya, 'ya'ya biyu, ko akuya babu. Elhajin unguwarmu kuwa mata uku, 'ya'ya da jikoki, ragunan layya, almajirai a zaure, ga gida shida na maƙwabta da suka ɗauki pamponsa gadon kakansu. Kafin wata ya raba, takardar kuɗin ruwa ta fitar da shi daga sahun talakawa.

Takardar na zuwa, Elhaji ya sa tabarau, ya duba gaba, ya duba baya, ya ce kwantar ce ke ƙarya, iska take ƙirgawa. Ya sayo kwaɗo ya garƙame pampo. A masallaci aka koma amsa masa sallama ciki-ciki. Uwargida ta ce ita kam ta daina zuwa biki, ana nuna ta da baki. Ba a jima ba makulli ya koma wuyan autansa, wanda alewa ɗaya ke saye.

Su ma masu ɗiba ba su rasa hujja ba. A 2020, lokacin korona, shugaba Issoufou Mahamadou ya ce gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da wuta na Afrilu da Mayu. Wata biyu tak. Har yau akwai mai ce wa Elhaji, "Haba Baba, ai gwamnati ke biya." Da kamfanin ruwa SEEN na su Veolia ya tafi, kamfanin gwamnati NDE ya karɓi aiki a farkon 2024, sai hujja ta ƙara ƙiba: ruwa ya dawo na ƙasa, ƙasa kuwa mu ne, to wa ke sayen abinsa? Mai wannan jawabi yana fada ne, riƙe da kofin shayi na uku, wanda da ruwan Elhaji aka dafa.

Wadda abin bai ba dariya ba ita ce matar bayan gari, inda bututu bai kai ba, babu kuma Elhajin da za a je gaisarwa. Wajen mai kura take saye. In ta biya dala biyar a bido, mita kub ya tsaya mata jika guda cur, kusan ninki takwas na farashin da aka yanka da sunanta.

Elhaji dai ya tara maƙwabta, ya roƙi kowane gida ya riƙa kawo dala hamsin a wata. Kowa ya ce wannan gaskiya ne, aka shafa fatiha. Ƙarshen wata gida ɗaya ne ya aiko, shi ma da saƙon a ara masa tiyo, zai kwaɓa ƙasar gini.