Yadda Ake Hawan Dutse a Yamai Ba Tare da An Ɓata da Kowa Ba

Duk wanda ke da fadar da yake zama a Yamai ya san yadda abin ke farawa. Ana cikin shayi na biyu wani zai shafa tumbi ya ce likita ya ce sai ya riƙa motsa jiki, wani ya ce ai ga duwatsu can a ƙetaren kogi suna zaman banza. Kafin a sauke shayi na uku an kafa ƙungiyar mahaya duwatsu, an naɗa shugaba da ma'aji, an buɗe zaure a WhatsApp, an yanka wa kowa jika biyu. Da ni abin ya rutsa a makon jiya, har yau ruku'u sai na dafa bango. Tun da ba ni da ƙarfin ramuwa, bari in ba da shawara. Zancen ruwa da hula ba zan ɓata muku lokaci da shi ba. Wanda ya rayu a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu ya wuce wannan karatun.

1. Ka san girman dutsen, amma ka bar wa cikinka.

Inda za a je ba ɓoyayye ba ne: tuddan nan uku da ake kira Turwa Sar, a bayan Harobanda. In kun ƙetare gadar Kennedy kun bar jami'ar Abdou Moumouni a baya, ba da jimawa ba za ku hango su, kawunansu a baje. Marmara ce mai tauri ta rufe samansu, shi ya sa ruwan sama ya zaizaye ƙasar da ke kewaye ya bar su tsaye. Yaro mai kiwo yakan hau ya koro akuya ya sauko bai ko ajiye sandarsa ba. Duk mun san da haka, amma faɗinsa a cikin mota rashin ladabi ne.

A cikin mota hirar Bagazam ake yi. A kan wannan dutse, can cikin Azbin, ƙololuwar ƙasar nan take, Idukal-n-Tagas, mita 2,022. Lalle za a samu mai cewa a'a, Girebun ne. Ku bar shi, tsofaffin littattafai ne suka yaudare shi, Girebun mita 1,944 ne. Za a kuma samu wanda zai rantse ya taka Bagazam da ƙafarsa. Kada ka matsa masa da tambaya. In ka matsa, za ta bayyana ɗaurin aure ne ya kai shi Agadas, aka hau da shi hasumiyar babban masallaci mai mita 27, ya sauko yana salati. Ka ce masa sannu da ƙoƙari, domin anjima kai ma za ka bukaci mai rufa maka asiri.

2. An ce ƙarfe 6. Ka je ƙarfe 8, za ka tarar kai ne na biyu.

Na farko sabon shiga ne, bai san halinmu ba tukuna. Ka kira shugaba ya ce “ga ni nan bisa hanya”, kana jin ƙarar ruwan wankansa. In ya iso sai a tuna motar ba mai. In an sha mai sai ma'aji ya ce tafiya ba kilishi ai zalunci ne. A shingen bincike kuma a gano wani ya baro katinsa na ɗan ƙasa a wandon jiya. Haka za ku isa gindin dutse rana ta take, daidai lokacin da masu hankali ke saukowa.

3. Kaya.

Kowace ƙungiya da mai kayanta. Namu ya kwana kallon bidiyon masu hawan Hannun Fatima na Hombori, can ƙasar Mali, inda bangon dutse ke miƙewa ɗaruruwan mitoci mutane na lilo a jikinsa. Gari na wayewa ya faɗa kasuwar Katako ya fito da takalmin soja na gwanjo, da hular kwano ta magina, da igiya ɗauri guda. Igiyar masu hawa ta gaskiya talewa take yi in mutum ya suɓuce, don kada fizgar ta karya masa ƙugu. Tasa ta ɗaure ragon layya ce. Ko da ta ƙwarai ce ma, a ina za a kafa ta? Marmarar gefen tudu in ka kama ta da ƙarfi sai ta biyo ka. A ƙarshe da igiyar aka ɗaure kular ƙanƙara a kan mota. Wanda ya riga kowa kaiwa sama kuwa direbanmu ne, da silifa, yana amsa waya.

4. Ka sa wandon da ba ka so.

Dalili kuwa karangiya, kuma ku yi mini haƙuri, a nan zan ɗan daɗe. Mu da muka fita bayan damina mun same ta a kan ganiyarta, ta bushe, ta yi kwanton ɓauna a kowane taku. Ba ta da girman da za ka gan ta ka kauce, ba ta da dafin da za a kai ka asibiti a tausaya maka. Ta kama safa, ta kama ƙafar wando, ta hau igiyar takalmi ta yi gungu. Ka sa yatsa ka cire, ta bar wandon ta koma yatsan. Ka sa ɗaya hannun, ta koma can. Ka sa haƙori, to Allah ya jiƙan leɓe. Ta fi mai bin bashi naci, don shi ko ba komai yana tafiya sallah. Wani ya ce a jiƙa yatsu da miyau kafin a taɓa ta, sai ga manyan mutane masu iyali zaune a gefen dutse suna tofi a hannu, ba kuma addu'a ba.

Wannan lokaci ɗan bokonmu ya zaɓa ya sanar da mu cewa masana ƙasa da karangiya suke gane iyaka: inda ta daina fitowa ta arewa, nan Sahara ta fara. Ya ƙara da cewa a shekarun yunwa kakanninmu sun sussuke ta sun ci ƙwayarta. Gaskiya ne duka, kuma ban ga laifin kakanni ba, ramuwa suka yi. Abin da ba a gaya maka shi ne tana bin ka gida. Ta shiga kujerar mota, ta shiga tabarma, ta shiga wanki ta fito a rigar yara, uwargida ta tsince ta a zaninta ta tambaye ka wa ya aike ka. Har yau ƙungiya ba ta tsayar da amsar wannan tambaya ba.

5. Kada ka hau dutse da taubashinka a bayanka.

A 2014 UNESCO ta sa wasan taubasai na Nijar cikin gadon al'adun duniya, kuma ina zaton waɗanda suka amince ba su taɓa jin sa a tsakiyar hawa ba, numfashi na fita da ƙyar. Bagobiri ya tsaya ya dafa gwiwa, Bazabarme ya iso.

“Bawana, lafiya? Ko in kira maka jaki?”

“Jiranka nake, kada a ce ubangida ya gudu ya bar bawansa a daji.”

“Wannan hakin duk na jira ne?”

“Dambun gidanku ne ya tsaya mini, zogale ba mai.”

Can sama Bafulatani ya leƙo ya ce wa Ba'are: “Ku mutanen Dogon Dutsi, ashe daga ƙasa kuke kallon naku?” Ba'are ya ce: “Yi ta gudu, wanda ba nama a jikinsa ai iska ce ke kai shi.” Ba a fushi, doka ce. Matsalar dai dariya ma numfashi take ci, kai kuwa ba ka da na kyauta.

6. Ko 7 muke? Bari dai. Maganar “saura kaɗan”.

Duk wanda ya ce maka saura kaɗan, ka tambaye shi ko ya taɓa zuwa. Bakin da kake gani ba shi ne sama ba, bayansa akwai wani, kuma an riga an gama magana: hangen Dala ba shiga birni ba. A daidai nan ne wani zai zauna ya ce ciwon tsauni ya kama shi, iska ta yi ƙaranci. Ciwon akwai shi, amma yawanci sai an haura mita 2,500 yake fara taɓa mutum, a irin su Kilimanjaro mai mita 5,895. Ko Bagazam bai kai nan ba. Abin da ke damun ɗan'uwanmu taba ce da tuwon dare. A ba shi ruwa, a raɗa masa Alhajin Kilimanjaro, sunan zai bi shi har ɗaurin auren 'ya'yansa.

Sai hoto. An yi muku alkawarin ganin kogin Isa da gadojinsa uku, hazo ya ce ba yau ba. Ba komai, kowa ya miƙa waya: a ɗauka daga ƙasa, a kuma kauce wa yaron nan mai kiwo kada ya fito a baya. Edmund Hillary da ya kai ƙololuwar Everest ranar 29 ga Mayu, 1953, ya ɗauki abokin tafiyarsa Tenzing Norgay hoto, shi kansa bai samu ko ɗaya a can ba. Shugabanmu sai da ya canza riga.

A nan kuma raha ta ƙare mini. Ledar ruwa ko'ina, gwangwanin sardin, fasassun kwalabe. Wanda ya iya hawa da gora cike, me zai hana shi saukowa da ita wayam? Awakin da ke kiwo a wurin su ke haɗiye ledar nan, ta cushe musu ciki su rame su mutu, mai su kuma ba ya cikin zaurenmu balle ya kawo ƙara. Na faɗi haka a sama, aka ce yunwa ce ke sa ni wa'azi. Yunwar akwai, amma maganar na nan daram.

Sauka: da mazaunai. Tsakuwar marmara mulmulalliya ce, mai girman kai shi ke riga kowa isa ƙasa.

Kunama: kada ka ɗaga dutsen da bai kira ka ba.

Akwai wata kan ciwon gwiwa, amma wannan kowa zai koya da kansa ranar Litinin.

Tun a hanyar dawowa aka zartar cewa baɗi sai Azbin, tafiyar da kafin a kai Agadas ma an ci kilomita sama da 900, daga mutanen da suka kasa haɗuwa ƙarfe 6. Duk da haka in an gayyace ka, ka je, hirar ta biya wahalar. Ka dai tambayi halin tsaron hanya kafin ka wuce bakin gari, ka fita da sanyin safiya ko da mutum biyu ne, ka sa buhu a jaka na kwaso shara. Wanda kuma ya ce maka saura kaɗan, ka miƙa masa kular ƙanƙara ya ɗauka.