Bindigar Kaka a Daminar Nasarawa

Da aka zo rabon gadon Baba, yayyena suka kwashi gona da awaki, ni kuwa aka miƙo mini bindigar kakanmu, harbi-ka-ruga mai dogon hanci, wadda rabonta da tashi tun zamanin Gowon. Na yi mata takarda wurin 'yan sanda kamar yadda dokar makamai ta 1959 ta tanada, na kawo ta gidana a unguwar Nasarawa ta Kaduna. Uwargida ta dube ta, ta dubi yara, ta ce, "Maigida, ko ita ko mu."

Sai na garzaya kasuwar Panteka aka ƙera mini akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu. Na girke shi kan siminti, jikin bangon da ruwa ke duka, na kulle, ina ji da kaina kamar ni ke riƙe da makullan masana'antar makamai ta DICON da ke nan kusa da mu a Kakuri.

Ɓarawo bai zo ba. Agusta ce ta zo. Duk ɗan Kaduna ya san watan nan: marka ba dare ba rana, kogi ya cika ya batse, ashana ta ƙi kamawa, wanki ya kwana a igiya. Damshin iska kan haura kashi 80 cikin ɗari, ƙarfe kuwa da an wuce 60 tsatsa ta samu gida. Da dare akwatin ya yi sanyi, iskar da na kulle a ciki ta zama gumi a jikinsa. Ranar da na buɗe, bindiga ta yi jawur, tsumman da na naɗe ta da shi ya yi funfuna.

Na kai ƙara teburin mai shayi, inda kowa likita ne. Wani dattijo ya ce shinkafa. Cikin dare na ɗebi mudu guda daga buhun uwargida. Shinkafa ta haifi ƙwari, uwargida kuma ta je ta yi wa mai awo tatas, wai ya tauye ta. Ina ji, na yi ta jan carbi.

Wani ya ce gishiri na shan ruwa. Yana sha kam, bai dai faɗa mini inda yake amayar da shi ba. Ya narke ya kwanta a gindin akwatin, tsatsa ta ninka. Na shafa wa bindigar man gyaɗa, kiyashin unguwa suka yi layi.

Da rana ta ɗan leƙo, na fito da ita tsakar gida ina gurza. Gidan haya ne. Maƙwabciyarmu ta fito da bokiti, ta yi arba da bakin bindiga, ta kurma ihu. Kafin na ce wani abu, ga 'yan sintiri, ga mai unguwa.

"Malam, ina takarda?"

Takarda tana cikin akwati, don tsaro. Na ɗauko ta da yatsu biyu, tana ɗiga, hatimin ya koma shuɗin tabo, hotona babu hanci. Allah ya taimake ni mai unguwa ya san asalina. Ya ɗaga bindigar, ya gwada kunama da dukan ƙarfinsa, ko gezau. Ya ce, "Ku watse, tabarya ce."

Cikin 'yan sintirin akwai tsohon maharbi, shi ya tsaya ya koya mini. A ɗora akwati kan katako, a janye shi daga bango, a yar da tsumma, a shafa man keken ɗinki kaɗan, a zuba gawayi busasshe da 'yan ƙunshin farin tsakin nan na cikin kwalin sabon takalmi, a riƙa shanya su in sun sha ruwa. Na bi shagunan takalma ina roƙo, har suka ɗauka haɗin magani nake yi.

Tsatsa ta tsaya. Ni kuwa da na ga abin ya ci, na yi ta ƙara ƙunshi har hunturu ya shigo, leɓe na tsagewa, ban rage ko ɗaya ba. Wani dare a Disamba muka ji "ƙas!" daga cikin akwati. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin gado ba. Ashe ƙotar icen ce ta bushe ta dare gida biyu.

Uwargida ta haska ni da tocila. "Maigida, tunda ka riga ka shiga, miƙo mini takalmin Auta."