Ledarmu Ta Riga Mu Ganin Teku

Mu dai wajen tsabta ba a barin mu a baya. Tun da sassafe an share ƙofar gida fes, an tara sharar a lungu, sai jiran hadari. Ruwa na kecewa, yara kowa da kwandonsa, a juye a kwata, a ce ruwa ya tafi da ita. Ina ya kai ta? Oho, tunda dai ta wuce ƙofarmu.

To ai ruwa ya san hanya. Kogin Kaduna da na Sakkwato duk a kogin Neja suke zubawa, shi kuma bai tsaya ba sai Tekun Atilantika. Kanawa ku rage dariya, naku kogin Haɗeja kawai ya bi ya nufi Tafkin Chadi, laifi tudu ne. 'Yan'uwanmu na Nima a Akara kuwa ba su da ta cewa, kwatarsu na faɗawa kogin Odaw, teku na nan kusa.

Can kunkurun teku yake, bawan Allah, bai san mu ba. Babban cikinsu, mai baya irin na fata, abincinsa wata halitta ce mai yauƙi da ke shawagi cikin ruwa, kuma ledar da ta sha ruwa ba ta da maraba da ita a idonsa. Ga maƙogwaro cike da tsinaye masu kallon ciki, abin da ya shiga ba ya dawowa. Leda ta toshe hanji, yunwa ta kashe shi alhali ciki a cike, igiyar ruwa ta watso gawar bakin gaɓa. Mu kuwa mu gani a waya, mu ce "Allah sarki", muna tsotson fiya wata. Kamar ba mu taɓa ganin dunƙulen da mahauci ke zarowa daga tumbin saniya ba!

Wani kunkurun kuma koma ce ajalinsa. Iska yake shaƙa, in ya sarƙe ya kasa tasowa sai ya nutse. Mu namu a ci kifi, a ƙara yaji.

Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017. Mu fa? Ka sayi ashana ɗaya, ka tsaya ƙyam sai an saka maka a leda. In ƙosai ne a ninka biyu saboda mai. Mai shago ya kuskura ya ce babu, kafin la'asar unguwa ta ji Malam ya fara rowa.