Fankar Kawu ta Gazawa

Babban layin lantarki mai kilobolt 132 da ke tasowa daga Katsina a Gazawa yake sauka, daga nan reshe ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗaya ya yi gabas zuwa Damagaram. Kawuna, manomin aya ne a garin, yakan faɗi wannan magana kamar da kuɗinsa aka kafa turakun. Da aya ta yi kuɗi sai ya hau mota, ya bi ta Agye da Cadawa har kasuwar Maraɗi, ya dawo da fankar sama mai fukafukai uku a kwali.

Mai gyaran wuta na unguwa ya ce jika uku zai ɗaura ta. Kawu ya ce ai ko shi da ya haifi mai karatu a lise bai kai a yi masa wannan wayo ba. Kwali ya shige ƙarƙashin gado, bazara ta zo da zafinta na sama da digiri 40 ta wuce. Sai da damina ta kankama, gumi da sauro suka haɗu, sannan ya tuna da ita. Farkon watan Agusta ne na 2023.

Ita fankar sama ƙugiyar ƙarfe take so, wadda aka dasa cikin kankare, kuma a bar mata fiye da mita 2 tsakaninta da ƙasa. Ɗakin Kawu kuwa soro ne, rufin azara, dogon mutum yana miƙa hannu zai taɓa sama. Tsani ma babu. Aka kifa turmi a kan tebur, Kawu ya haye, ni aka ba ni aikin riƙe turmin. Azarar giginya ba ta san ƙusa ba. Kowace ya buga sai ta lanƙwashe ta faɗo. Daga bisani ya ɗauko waya mai kauri, ya riƙa sakatar ƙasar rufin da tsinken ƙarfe don ya zagayo da ita ta bayan azarar. Ƙasa ta zubo masa a ido, ta zubo mini a wuya, saura ta ƙarasa cikin ƙwaryar furar da Inna, matar Kawu, ta ajiye.

"Malam, ɗakin za ka rushe ko iska kake nema?" in ji Inna daga bakin ƙofa.

"Ke dai ki tanadi bargo."

Akwatin lamba, wanda ake rage gudu da shi, Kawu ya jujjuya shi ya ce ƙawa ce kawai ta masu kanti, ya mayar cikin kwali. Ya haɗa wayoyi, ya sauko, ya yi bisimilla ya danna makunni. Shiru. Ya sake hawa, ya buɗe cikin fankar, ya tarar da ɗan baƙin kondansa, ya yanke hukuncin cewa Sinawa ne suka haɗa shi a baibai, ya musanya wayoyin. Shiru dai. Yana cikin tsine wa mai kantin sai ga ɗansa ya shigo da rediyo a kunne: Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, cikin takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga can take zuwa. Babu wanda ya tuna ya gwada ƙwan fitila tun da rana.

Kawu ya sauko daga turmi bai ce uffan ba, makunnin ma a kunne ya bar shi.

Wuta ta koma ta rabo, a ba wannan unguwa a ɗauke wa waccan, kuma tamu cikin tsakar dare ta zo. Kondansa shi ke nuna wa injin fanka ɓangaren da zai juya, fukafukan kuma a karkace aka ƙera su don su turo iska ƙasa. Tunda an musanya wayoyi, sai ta tashi da baya, da cikakken gudu, tana lilo a jikin wayar da aka rataye ta. Ta kwashe yanar gizo, ta kakkaɓo ƙasar rufi, sannan ta cafki igiyar sange ta naɗe shi tsaf. Kawu ya fito tsakar gida da rarrafe yana salati, Inna ta riga shi fita, maƙwabta sun taru da tocila da sanduna suna tambayar ina ɓarawon.

Da safe aka kira mai gyaran. Ya dubi rufin, ya dubi sangen da ya koma tsumma, ya ce yanzu jika biyar ne, don sai ya fara warware aikin Baba kafin ya yi nasa. Ya kuma rantse ba zai ɗaura ta a wannan ɗaki ba, kada wata rana ta aske wa wani kai. A zaure ya ɗaura ta, inda akwai rufin kwano da katako.

CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Najeriya ta maido da wuta a watan Maris, daidai shigowar bazara. Fanka na ta juyi a zaure, almajirai da masu jiran Kawu suna shan iska. Shi da Inna a tsakar gida suke shimfiɗa tabarma kamar kowa a unguwar, kuma duk wanda ya tambaya sai Kawu ya ce dama don baƙi ya saye ta.