Barka da Zuwa, Motar da Ba Ta Shan Mai

Duk wanda ya ce shugabanninmu ba su da hangen nesa, ya zo ya ga motar lantarki. Ba ta shan fetur, ba ta buƙatar juyen baƙin mai, ba ta da filogi balle kabireto. Abu ɗaya tak take nema a wurin mai ita, wato wutar lantarki, kuma a duk faɗin duniya wa ya kai mu ita? Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 tsakanin gidaje da asibitoci da masana'antu, ai dole wuta ta yi mana yawa har mu rasa inda za mu kai ta. Ga shi Allah ya kawo mana inda za mu zuba rarar.

Ba yau aka fara ɗawainiya da ita ba. A watan Nuwamba na 2020 aka baje kolin Hyundai Kona a Legas, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa, aka ce ita ce motar lantarki ta farko da aka haɗa a Najeriya. A farkon 2021 aka sake baje ta a Abuja, aka kuma buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A ƙarshen wannan shekarar Shugaba Buhari ya tsaya a Glasgow ya yi wa duniya alkawarin cewa nan da 2060 Najeriya za ta daina ƙara wa sama hayaƙi. A Disamban 2023 kuma, a taron sauyin yanayi na Dubai, aka yi shelar bas-bas 100 masu amfani da lantarki. Sunayen 'yan Najeriya da aka rubuta a wannan taro sun haura 1,400, kun ga kowace bas ta samu fasinja 14 tun ba ta taɓa ƙasa ba. Wace tashar mota ce ta taɓa cika lodi da wuri haka?

Farashinta ma abin a yaba ne, domin an yi shi da tausayin talaka. Lokacin da aka fito da Kona, kimanin naira miliyan 24 aka yanka mata, mafi ƙarancin albashi kuma yana naira 30,000. Ma'aikaci bai buƙatar komai illa ya tara albashinsa na wata 800, shekara 66 da 'yan watanni ke nan, ba ci ba sha, ba kuɗin haya, ba ragon suna. Idan ya kama aiki yana ɗan shekara 25, zai karɓi makulli yana da 91, jikoki su kama shi su zaunar a kujerar gaba. A wancan lokacin dala ba ta kai naira 500 ba. A 2024 da ta ninka har sau uku, aka ƙara albashin zuwa naira 70,000 kawai don kada nisan da ke tsakanin ma'aikaci da motarsa ya ragu har ya rasa abin da zai sa a gaba a rayuwa. Masu ƙorafi suna cewa ko 'yar Kwatano mai shekara 20 a duniya ta gagari malamin makaranta. To ai shi ya sa aka tsallake da shi zuwa ta zamani kai tsaye.

Sai nisan zango, inda ta fi burge ni. Masu ita sun ce caji ɗaya yana kai ta kilomita 480 da ɗoriya. Gaskiya suka faɗa, a kan titi mai santsi, cikin iska mai sanyi, babu rami, babu shingen bincike, babu tirelar da ta faɗi ta tare hanya tun asuba. Mu kuwa Allah ya hore mana zafin Afrilu, wanda ke sa direba ya ƙure na'urar sanyaya mota, ita kuma daga batirin take ci, shi kansa batirin ba ya shiri da zafi. Daga Kano zuwa Maiduguri ya haura kilomita 550. Mutum zai wuce Wudil da Azare da Potiskum cikin annashuwa, ya gaisa da Damaturu, sannan a wani wuri kafin Benisheikh motar ta tsaya cak cikin ladabi. Wannan ita ce hanyar da matafiya ke rige-rigen gamawa kafin rana ta faɗi, hanyar Auno, inda a Fabrairun 2020 aka kashe mutane kusan 30 da dare ya riske su a cikin motocinsu. Mai tsohuwar Golf idan mai ya ƙare masa, ɗan bumburutu na nan da galan a bakin titi. Mai motar zamani ya fi ƙarfin wannan ƙasƙanci. Shi zai zauna ya jira a gina masa tashar caji.

Caji kuwa ai sana'armu ce, ba wanda zai koya mana. A leƙa kowace unguwa a Kano ko Zariya ko Gusau, za a ga ɗan shago na katako, an jera soket sahu-sahu daga sama har ƙasa, kowace waya an manna mata lamba, an ba mai ita irin lambar ya riƙe. A gefe ga ƙaramin inji yana tari, an ɗaure tankinsa da roba, yaron shago yana ɗura masa fetur daga gorar ruwa. Al'ummar da ke biyan kuɗi a caja mata wayar hannu da fitila, ita ce ta fi cancanta a kawo mata batiri mai cin wuta yunit 64. Idan a wannan ƙaramin injin za a jona shi, sai ya kwana uku yana aiki ba hutu kafin motar ta ƙoshi, fetur ɗin da aka ce an rabu da shi ya bi ta bayan gida ya shiga. Idan kuma a wutar gida ce, da na'urar caji ta musamman, awa 9 zuwa 10 ta isa. Hukumar da ke kula da harkar lantarki ta kasa mu rukuni biyar, ta yi wa na farko alkawarin awa 20 a rana, na ƙarshe awa 4. Ɗan rukunin ƙarshe zai cika batirinsa cikin kwana uku, muddin an cika alkawari, muddin taransifomar unguwa ba ta ƙone ba, muddin ba a zo karɓar karo-karon gyaranta ba.

Kada a manta da Oktoban 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna yake kwance saboda ɓarnar da aka yi wa turakunsa, sannan layin da ke biyowa ta Makurɗi shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda a cikin duhu. Tela ya naɗe hannu, mai walda ya rufe shago, mai injin markaɗe ya tsawwala kuɗi, ƙanƙara ta zama kayan gabas, asibitoci suka koma kan dizal. A shekarar kaɗai babban layin wuta na ƙasa ya durƙushe fiye da sau 10. Da a ce dukanmu motar lantarki muke hawa a wannan mako, da an ga zaman lafiyar da ba a taɓa gani ba: babu haɗari, babu cunkoso, babu mai zuwa ko'ina.

Su Norway suna alfahari cewa a 2024 kusan mota 9 cikin kowace 10 sababbi da aka sayar a ƙasarsu ta lantarki ce. Amma dubi wahalar da suka sha. Sai da suka fara tare ruwa a tsaunukansu suka wadata kowane gida da wuta, sannan suka waiwayi mota. Habasha ma da ta hana shigo da motocin fetur a 2024, sai da ta ɓata shekara fiye da 10 tana gina madatsar ruwa mai ƙarfin sama da megawat 5,000 a kan kogin Nilu. Mu ba mu da lokacin wannan jan ƙafa. Madatsar Mambila ta haura shekara 40 tana nan lafiya a cikin fayil, ba ta tsufa, ba ta tsagewa, ba ta taɓa yin ambaliya ba.

Shugabannin namu kuma sun nuna sadaukarwa, sun bar mana wannan ni'ima mu kaɗai. A 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin mai, 'yan majalisar tarayya suka haƙura da manyan jif-jif masu shan mai da aka shigo da su daga waje, waɗanda jaridu suka ce kowace ta haura naira miliyan 100, saboda hanyoyin ƙasar ba su da kyau. Su ne suka fi kowa sanin haka. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin farko daga kimanin naira 68 zuwa 225 kowane yunit, ministan lantarki ya bayyana mana cewa arhar wuta ce ta sa muke barin firiza a kunne. A kasafin 2025 kuwa aka ware naira biliyan 10 don sa wa fadar shugaban ƙasa wuta mai amfani da hasken rana. Fadar ta ɗanɗana wutar ƙasa ta ga ba za ta iya ba, ta bar wa mai motar lantarki ya jarraba sa'arsa.

Bakanike ma ya huta. Wanda ya shekara 30 yana kwance inji a ƙarƙashin bishiya, yana gane ciwon mota da jin kukanta, zai buɗe gaban wannan ya tarar da wayoyi masu ruwan lemo ɗauke da wutar da ke iya kashe mutum nan take. Ya je kasuwar Ƙofar Ruwa neman kayan gyara, a ce masa sai an yi oda. Batirin kuwa, wanda shi ne mafi tsada a jikin motar, namu ne tun asali. A Nasarawa ake haƙo dutsen litiyam, an kuma ga yara 'yan makaranta a ramukan da ba su da lasisi suna tsince shi da hannu, kamar yadda takwarorinsu na Kwango ke yi da kobal a Kolwezi. Ana loda shi a buhu ya tafi Chaina da arha, ya dawo mana a cikin motar da uban yaron ba zai taɓa ko da murfinta ba. Kowa ya samu rabonsa ke nan.

Akwai masu son ɓata mana biki da labarin Maiduguri, garin da ya yi watanni babu wutar ƙasa bayan an tarwatsa turakun layin Damaturu a 2021. A can wani matashi, Mustapha Gajibo, ya riƙa cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batiri, yana caja su da hasken rana, suna jigilar mutane a cikin gari da kuɗi kaɗan. Gajeren zango, wuta daga rana, fasinja talaka, kuma abin yana tafiya. Laifin wannan aiki a bayyane yake: ƙarami ne, mai araha ne, 'yan kasuwa da ɗalibai ke hawa, ba ya buƙatar tawaga zuwa Dubai.

Roƙona ɗaya ga masu shirya bikin ƙaddamarwa na gaba. Idan an kafa rumfa, an jera kujerun manyan baƙi, an ɗaura wa motar kyalle ja, a taimaka a matsar da janareton da ke ba lasifika wuta can bayan katanga, a kuma tabbatar an cika masa tanki. Ba zai yi kyau ba a ce mai ya ƙare ana tsakiyar jawabin rabuwa da fetur.