Kare Ba Na Kowa Ba Ne, Sai Dare Ya Yi

A unguwarmu, in kana son majalisa ta yi tsit, nuna karen da ke kwance ƙarƙashin motar Alhaji ka ce, “Wai karen nan na waye?” Nan take kowa zai sami abin yi. Mai shayi zai shiga fifita gawayi, tela ya duba agogo, wanda kuwa kullum daga gidansa ake fito wa karen da ƙanzo shi ne zai riga kowa cewa, “Na yara ne.” Duk karnukanmu na yara ne. Yaro ne ya tsinto shi yana kwikwiyo a bayan kwata, ya ɓoye shi cikin kwali a soro, uwa ta yi faɗa kwana biyu, a na uku ta ce a miƙa masa sauran koko kada ya mutu alhakinsa ya hau kanmu. Yau shekara bakwai ke nan, yaron har ya tafi makarantar kwana, amma kare yana nan a matsayin na yara.

To bari dare ya raba, a ɗauke wuta, a ji ƙarar kwano a bayan katanga. Duk wanda ya yi masa “kai, tafi can!” da rana yana kwance ya kasa kunne yana jiran haushinsa. In ya yi haushi mu ce ya hana mu barci, in ya yi shiru mu ce wannan kare ba shi da amfani sai ci. Ranar da kuwa ya kori masu tsallaka katanga, da safe sai ka ji gida huɗu suna ja-in-ja a kansa, kowa na cewa ai karenmu ne, tun yana ƙarami muka ga alamar jarumta a tare da shi.

Sunan da muke sa musu ma abin kallo ne. Akwai Duna, akwai Zaki, akwai Taiga da Bingo na ’yan boko, amma sunayen da suka fi daɗi su ne na habaici: Bar-su, Ƙyale-su, Ba-ruwanka. Mutum ya sami saɓani da maƙwabcinsa, kunya ta hana shi faɗa, sai ya raɗa wa kare maganar, ya riƙa tsayawa ƙofar gida safe da yamma yana ƙwala masa kira. Kare na kaɗa wutsiya, maƙwabci na jin saƙonsa, zumunci kuma bai ɓaci ba.

Bakinmu cike yake da kare. Karen bana shi ke maganin zomon bana. In ka ga kare na sunsunar takalmi ɗauka zai yi. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Dabbar da muka sa wa ido haka har muka san halinta ciki da bai, ba za a ce ba mu damu da ita ba. Mun damu, kunyar nunawa muke ji. Kuma ko ta fuskar addini, malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa kare mai rai jikinsa ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne, an kuma yarda a ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona. Tun muna makarantar allo muka san karen Ashabul Kahfi da ya miƙe ƙafafunsa a bakin kogo, muka kuma ji labarin mutumin da ya ɗebo ruwa da huffinsa daga rijiya ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa. Muna jin wannan wa’azi mu girgiza kai, mu dawo gida mu wuce namu karen ɗaure a tsakiyar rana, kaskon ruwansa a bushe tun jiya.

Wannan ɗaurin rana yana ci mini rai. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafin jikinsa, shi ya sa kake ganin harshe a waje. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, karen da aka ɗaure da gajeriyar sarƙa a kan siminti ba inuwa ba ruwa yana iya mutuwa tsakanin azahar da la’asar. Akuya muna matsar da ita gindin darbejiya, kaji muna zuba musu ruwa a tsingaro, shi kuwa sai mu ce ai kare ne, da wuyar mutuwa yake.

Abinci kuma sai abin da ya rage: ƙanzo, ɗumamen da ya yi tsami, dusa, miyar jiya. Ranar Sallah ne yake cin daularsa, mu tara masa ƙasusuwan kaji muna jin mun yi masa gata, alhali dafaffen ƙashin kaza tsagewa yake yi kamar tsinke, ya maƙale a wuya ko ya huda hanji. Albasar da muke cika miya da ita, in ta yi masa yawa, jininsa take lalatawa. Ba mugunta ce ta sa muke ba shi ba, abin da muke ci ne muke raba masa.

Inda muka fi ƙwarewa shi ne likitanci. Kowane magidanci a layinmu likitan karnuka ne. Ƙazwa ta kama kare, gashi na zuba, sai a aiki yaro wurin bakanike ya karɓo baƙin mai a shafe shi tun daga kunne har wutsiya, ya koma gefe yana lashe gubar da harshensa. Kaska ta cika masa kunne, sai a ɗiga fiya-fiya a bokiti a yi masa wanka, kafin magariba ya fara dalala da makyarkyata. Ya ƙi cin abinci, sai a leƙa kemis a sayo maganin ciwon jiki na mutane a tura masa cikin tuwo, ba mu san irinsu ibuprofen suna yi wa cikinsa da ƙodarsa illa ba. Kwikwiyo ya kama amai da gudawa mai jini, mu ce maiko ya ci, alhali sau da yawa cutar fabo ce, wadda ke kwashe ’yan kwikwiyo ɗaki guda cikin ’yan kwanaki, kuma tana da allurar riga-kafi. Asibitin dabbobi kuwa mun san hanyarsa sarai, mun kai ragon layya, mun kai saniyar Hajiya. Amma a ga dattijo da babbar riga yana jan kare zuwa wurin likita, me mutane za su ce?

Mafarauta ne kaɗai suka fi ƙarfin wannan kunya. Akwai wani tsoho a bayan layinmu, Baba muke ce masa gaba ɗaya, wanda ya yi farauta da ƙuruciya ya koma gadin shaguna da tsufa. Na sha wucewa bayan sallar asuba in tarar da shi zaune a kan buhu, karensa Bar-su ya ɗora haɓa a kan gwiwarsa, shi kuma yana bin kunnen da yatsa a hankali, yana cire kaska ɗaya bayan ɗaya yana jefawa cikin gwangwanin kananzir. Yakan ɗaga leɓen karen ya duba dasashi, ya ce in ya yi fari to kaska ta shanye jini. Shi kaɗai na sani a unguwar da ke da katin allurar karensa, a naɗe cikin leda a aljihun ’yar shara. In aka zolaye shi sai ya ce, “Ɗana, ba a kiwon kare ranar farauta.”

Darajar wannan kati ba ta bayyana sai ranar da kare ya ciji yaro. Ranar ce karen gida huɗu ke komawa maraya. Samari su fito da sanduna, wata tsohuwa ta ce a yanko gashin karen a ƙona a shafa a kan ciwon, wani ya ce a sa toka, wani ya ce barkono, ana ta shawara, ba wanda ya ɗauko sabulu. Alhali abin da ya kamata a fara yi shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a fara allura ranar, ko da yaƙushi ne kawai. Karen kuma in ya samu a killace shi a sa masa ido kwana 10, ba tare da an dakatar da allurar yaron ana jira ba. Ƙwayar cutar haukan kare cikin yawu take, tana bin jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata biyu zuwa uku. Ciwo ya warke, kowa ya manta, sai wata rana yaro ya fara firgita in ya ga ruwa, daga nan kuwa da wuya a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da wannan cuta duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma na waɗanda ake ciza yara ne ’yan ƙasa da shekara 15, wato su ainihin “masu karen.”

Kuma ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da gudu ba. Wani lafewa yake yi a lungu, baki a sake, yawu na zuba, kamar ƙashi ya maƙale masa, mai tausayi ya zura hannu zai ciro. Maganin duk wannan allura ce da ake yi wa kwikwiyo in ya kai wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Ba daga nesa ma take zuwa ba, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana haɗa ta. Masana sun ce in aka yi wa karnuka bakwai cikin goma na gari, cutar ba ta samun hanyar yawo. Kowace 28 ga Satumba ana gangami a kanta, wasu wurare har kyauta ake yi, mu kuwa mu ce wa yara su kai karen in sun dawo daga Islamiyya.

Ɓatan kare ma da irin namu salon. Ba ma cigiya. Wanda akuyarsa ta ɓace har masallaci yake kai sanarwa, amma mai kare sai dai ka gan shi yana zagaya unguwa da yamma, hannu a baya, yana ɗan fito ƙasa-ƙasa, in ka tambaye shi ya ce iska yake sha. Wani karen mota ce ta buge shi a bakin titi, wani ya bi karya ya yi nisa, wani kuma masu sayen karnuka ne suka yi gaba da shi, don akwai babbar kasuwarsu a Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Filato, inda ake kai su daga nesa. Yara su yi kuka a fili, uwa ta ce “to ai sai ku huta,” sannan da dare ta kankare tukunya ta nufi ƙofa da ƙanzo kafin ta tuna.

Bar-su shinkafar ɓera ce ta kashe shi. Wani ya zuba ta cikin sauran abinci don ɓerayen shagonsa, da safe ya watsar a juji, karen ya bi ta kai. Baba bai bari an ja shi da igiya zuwa kwalbati yadda muka saba ba. Ya aro diga, ya haƙa rami a bayan shagunan da yake gadi, ya rufe shi da kansa. Da yamma muka taru a majalisa muka rasa yadda za mu yi, don ba a zaman makoki saboda kare, amma kuma ba wanda ya iya wucewa ta gabansa bai tsaya ba. Ɗaya bayan ɗaya muka riƙa zuwa. Tela ya ce, “Baba, ashe abin da ya faru ke nan.” Mai shayi ya kawo masa kofi ya ƙi karɓar kuɗi. Alhaji, wanda ya fi kowa korar karen daga ƙarƙashin motarsa, ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, “Wallahi Baba tun da karen nan yake ban taɓa cire batir na shiga da shi gida ba. Allah ya mayar da alheri.” Baba ya ce amin, ya sa hannu a aljihu ya taɓa ledar katin.

Bayan sati uku aka ga wani jan kwikwiyo mai farin wuya yana bin sa a baya, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Muka ce, “Baba, an yi sabo ke nan?” Ya ce a’a, na jikokinsa ne, riƙe musu yake yi. Ya kuma tambayi tela ko gobe zai ara masa Keke Napep ɗin ƙaninsa, don kwikwiyon ya kusa cika wata uku.